Yau a Bur Sa'id, bakin mashigin Suez

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau da sassafe na baro Alƙahira, gani nan a Bur Sa'id. Ku duba bayana, kun ga wancan dandamalin dutsen da babu komai a kansa? Da can gunkin de Lesseps ne a kai, Bafaranshen da ya jagoranci haƙa mashigin nan, mutanen gari suka tumɓuke shi a ƙarshen 1956 bayan sojojin Ingila da Faransa sun fice.

Ɗazu na zauna shan shayi da wani dattijo, ana nuna labarai a talabijin, da ya ji an ce wata ƙasa zata turo sojoji don kare fararen hula sai kawai ya ajiye kofinsa ya girgiza kai. Na ce Baba lafiya? Yace ɗana, mu ma haka aka ce mana. Kuma wallahi gaskiyarsa, domin lokacin da Nasir, shugaban Masar na lokacin, ya ƙwace mashigin ya maida shi na Masar, Ingila da Faransa cewa suka yi sun zo raba faɗa tsakanin Masar da Isra'ila, ashe tun a garin Sèvres na ƙasar Faransa su ukun, Ingila da Faransa da Isra'ila, suka ƙulla abin a ɓoye, kuma garin nan da nake tsaye shi ya sha ruwan bama-bamai.

Ni da farko ina ganin zargin da Larabawa ke yi wa ƙasashen Yamma yayi yawa, komai aka yi sai su ce man fetur ne. Amma fa ku tuna Iraƙi a 2003, aka ce Saddam na da makaman ƙare dangi, har yau ba'a gansu ba, sojojin Amurka suka tsare ma'aikatar mai a Bagadaza ana can ana wawashe gidan tarihi.

Wanda yafi ci min rai Libiya ce. A 2011 izinin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayar na kare fararen hula ne, aka ƙare da kashe Gaddafi a Sirte, rumbunan makamai suka zama na kowa, suka bi hamada suka gangaro Mali da Nijar har suka iso mana gida, 'yan uwanmu masu neman abinci a can da yawa suka dawo hannu rabbana. To yaya zan ce wa dattijon nan zarginsa yayi yawa?

Ga jirgin fito nan ya iso, kyauta ake shiga, bari mu tsallaka Bur Fu'ad, garin da ke ɗaya gefen, in nuna muku mashigin daga tsakiyar ruwa.