Yadda Ake Gane Ingancin Katun ɗin Jarumai na Japan da na Amurka

Ku tsayar da bidiyo daidai inda jarumi ya kai naushi. Kun ga hannun ya miƙe kamar roba, fuska ta karkace? Da yawa sukan ɗauki irin wannan hoton su ce aiki ya lalace. Da gangan aka zana shi haka, domin a gudun da yake wucewa ido ba ya kama muninsa, saurin kawai yake ji. Shi ya sa ba a yanke wa katun hukunci da hoton da aka tsayar.

Sakan ɗaya na fim hotuna 24 ne. In kowane zane ya zauna a hoto biyu, zane 12 ke nan a sakan. In uku ne, 8. Katun ɗin talabijin na Amurka ya fi yawa a 12. Na Japan, wato anime, ya fi zama a 8, tun 1963 da Osamu Tezuka ya fara fitar da Astro Boy duk mako da kuɗi kaɗan. Amma yawan zane ba shi ne inganci ba. A Spider-Man: Into the Spider-Verse na 2018, wurin da jarumansa biyu, Miles da Peter, suke lilo cikin daji, an bar Miles a 12, Peter kuma a 24, don a ga ɗaya ɗan koyo ne, ɗaya gwani.

Japanawa tsimi suke yi. Sai a yi mintoci mutum na tsaye, baki kaɗai ke motsi, shi ma siffa uku: a rufe, rabi, a buɗe, domin galibi daga baya ake ɗora murya. Abin da aka tara sai a zuba shi a faɗan da bai kai minti ɗaya ba, irin wanda masu kallo ke kira sakuga. Mai zane ɗaya ake danƙa wa guntun, shi zai tsara motsi da sauri da ƙura da hayaƙi, har a riƙa gane hannunsa. Yutaka Nakamura na kamfanin Bones, in ƙasa ta tsage a aikinsa, baraguzan kusurwa huɗu-huɗu suke tashi kamar ƙwayar sukari. To a anime, ku dubi wuraren da ba a motsi: an tsara hoton da kyau? Haske na faɗin wani abu? Fuskar jarumi ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe? In lokaci ya ƙure wa masu aiki, nan yake fara nunawa. Fuskokin da ke nesa su narke, ido ya bar mazauninsa, faɗa ya koma zane ɗaya ana girgiza kyamara a kansa.

A Amurka murya ake fara ɗauka, sannan a zana leɓe da gira da kafaɗa su bi ta. Ana kuma rage wa jarumi layuka domin kowane mai zane ya iya juya shi bai canza kama ba. Katun ɗin Batman na 1992 ke nan: ƙirji faffaɗa, haɓa mai kusurwa, birnin kuma a kan baƙar takarda aka zana shi don duhun ya zauna. Wani abin da ya kamata a sani, a Amurka ake tsara labari da siffofi, amma ainihin zanen motsin galibi a Koriya ta Kudu da Japan aka yi shi, kuma sassan da kamfanin TMS na Tokyo ya zana suna cikin waɗanda aka fi yabawa. Cutar wannan salon ita ce rashin nauyi. In aka raba tazarar zane daidai wa daida, hannu zai tafi da gudu ɗaya daga tashi har sauka, naushi ya zama kamar shafa.

Ga yadda za ku gwada da kanku. Ku kashe sauti, domin kiɗa da ƙara suna rufa wa aiki mai rauni asiri. A YouTube ta kwamfuta, in kun tsayar da bidiyo, maɓallin waƙafi na mayar da ku hoto ɗaya baya, na aya kuma ɗaya gaba. Naushi mai kyau mataki uku ne: jarumi ya ja jiki baya a hankali, zane kusa da kusa, bugun ya wuce cikin zane ɗaya ko biyu masu nisa da juna, sai a ɗan riƙe hoton don zafin ya shiga. Daga nan ku sauke ido kan ƙafa, ku ga ko ta dafe ƙasa ko santsi take yi a kai. Sai alkyabba da gashi: in jarumi ya tsaya cak, dole su wuce shi kaɗan sannan su dawo su kwanta. In tare suka tsaya da jikinsa, an yi ha'inci a wurin.