Jawabin Maraba Ga Mai Martaba Sarki Daga Masu Kiwon Dawaki Mazauna Legas

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya ja zamaninka. Mu talakawanka masu kiwon dawaki da horar da mahaya a Legas, tun daga Agege da Idi-Araba da Obalende har bakin teku a Lekki, muna yi maka barka da sauka, kai da hakimai da sauran 'yan rakiya. Wanda ya buɗe ido ya tarar da barga a gidansu ba a yi masa dogon bayani kan doki, saboda haka ba za mu ɓoye abin da ke ranmu ba: fili muke nema inda za mu kafa barga ta dindindin, kuma bakin Sarki muke so ya isar mana da kukanmu ga gwamnatin jihar nan.

Ranka ya daɗe, doki ba baƙo ba ne a Legas, mu ma haka. Tun 1904 ake wasan folo, wato ƙwallon dawaki, a Ikoyi, kuma duk wanda ya leƙa bargunan wurin da asuba zai ji Hausa na tashi. Filin da aka yi bikin 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba, 1960 filin sukuwa ne, kafin a mayar da shi Dandalin Tafawa Balewa a 1972. Yau dawakin da suka rage a can su ne gumakan nan huɗu farare a bisa ƙofa, waɗanda ba sa neman harawa, wataƙila shi ya sa aka bar su. Bar Beach, bakin tekun nan inda iyayenmu suka yi kilisa suka ciyar da iyali, an cike ta da yashi an yi gini. Mu kuwa sai mu kafa turke a kangon wani, ranar da ya sami mai saye ya ba mu kwana bakwai mu kwashe.

Duk da haka ba mu yarda wahalarmu ta sauka a bayan dabba ba. Yaron da aka kawo mana ba ya taka likkafa sai ya daɗe yana kwashe kashin doki, yana ba da ruwa, yana shafa da wanki, har dokin ya san muryarsa. Duƙushi kuma da ragama muke fara jan sa, sai ya saba da hannu da nauyin sirdi sannan linzami ya shiga bakinsa. Gaskiya ita ce linzaminmu na gado yana da kaifi, a hannun mai gaggawa yakan fasa baki, don haka muke koya wa yara cewa dokin da ya yi tirjiya yawanci tsoro ne ko ciwo, a duba kafin a ɗaga bulala ko a sa ƙaimi. Idan an sauke sirdi da yamma, maigidan barga kan bi bayan dokin da tafin hannu a hankali, in ya ji zafi ko dokin ya zabura, gobe babu hawa, ko da Lahadi ce da kasuwar bakin teku ke ci. Mun riƙe faɗar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa alheri yana ƙulle a makwarkwaɗar dawaki har ranar alƙiyama.

Sai dai, ranka ya daɗe, tausayi ba ya busar da ƙasa. Damina a nan doguwa ce, dokin da ya kwana tsaye cikin taɓo kofatonsa yakan ruɓe, kana ɗaga ƙafar wari zai gaya maka kafin ido ya gani. Harawa da dusa da muke saye da tsada daga Arewa, in babu rufi, sai su yi fumfuna, doki ya ci ya kwana yana birgima da ciwon ciki. Muna son likitan dabbobi mai zagayo, muna son magunguna, amma ina likitan zai same mu, mu da kowace shekara muke sabon kango?

Saboda haka muke sake durƙusawa kan maganar filin nan. Ba babba muke roƙo ba, wuri ne kan tudu mai ruwa, da takarda a hannunmu, rumfuna kuwa da kuɗinmu za mu kafa. Takardar koken tana hannun shugaban kwamiti, zai miƙa ta ga Sarki kafin a tashi daga nan.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya mayar da shi gida lafiya.