Landan ko Birmingham? Amsa ga wata nas daga Kano

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku. Yau jakar tamu a cike take, amma akwai wasiƙa guda da za ta cinye mana yawancin lokaci, domin tun watan jiya ake ta aiko mana da irinta.

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Kano, ta kuma roƙi kada mu ambaci sunanta. Ga abin da ta ce: "Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata takwas ina aiki a ɗakin kwantar da manya. Na ci jarrabawar Turanci, na ci ta ilimin jinya da ake yi a kwamfuta, yanzu asibitoci biyu a Ingila sun ba ni gurbi, ɗaya a kudancin Landan, ɗaya a Birmingham. Albashin Landan ya fi tsoka. Ina da maigida da yara biyu, babban shekararsa 6, ƙaramar shekararta 2. A gidanmu kowa Landan yake cewa. Don Allah wanne zan ɗauka?"

To Malama, Allah ya sanya alheri. Bari mu fara da albashin, tunda shi ne ya ɗauki hankalin 'yan gida.

Asibitocin gwamnatin Ingila, wato na hukumar NHS, ma'aunin albashinsu ɗaya ne. Sabuwar nas da ta samu rajista tana shiga mataki na biyar, wanda suke ce wa Band 5, kuma a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026 matakin ya fara ne daga fam 31,049 a shekara, ko a Birmingham kike ko a wani ƙauye. Abin da ya bambanta Landan shi ne ƙarin tsadar rayuwa da ake ɗorawa a kai: kashi 20 cikin 100 idan asibitin yana ƙwaryar birnin, kashi 15 idan yana unguwannin gefe, kashi 5 a garuruwan da ke kewaye. A ce naki na ƙwarya ne, ƙarin ya ɗan haura fam 6,000 a shekara. In aka buga shi da naira, dole idon mutum ya raina fata. Sai dai shi ma ƙarin ana yankar haraji a cikinsa, ana yankar kuɗin inshorar ƙasa, ana yankar fansho. Abin da zai shigo hannunki daga cikinsa ba zai kai fam 400 a wata ba.

Yanzu ki ajiye wannan 400 ɗin a gefe, mu je wurin haya. Matsakaicin kuɗin hayar gida a Landan ya wuce fam 2,000 a wata, na Birmingham kuwa kusan rabin haka ne. Ke da maigida da yara biyu ba ɗaki ɗaya za ku kama ba, ɗaki biyu da falo kuke bukata, ga harajin ƙaramar hukuma da ake biya kan kowane gida, ga wuta da gas, ga kuɗin ajiya da mai gida zai riƙe, wanda doka ta yarda ya kai na hayar mako biyar. Ƙarin da aka ba ki da hannun dama, mai gidan haya ya karɓe da hannun hagu, ya kuma ce ki ciko.

Na ga wannan da idona. Akwai wata ƙanwata, nas ce, na taɓa sauka a wurinta a kudu maso gabashin Landan. Gida ɗaya su biyar suke haya, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya. Na buɗe firij zan ɗauki ruwa sai na ga kowane hawa an manna masa takarda da sunan mai shi. Nata hawan robar miyar kuka ce guda biyu da ƙullin daddawa da ta naɗe cikin leda uku saboda maƙwabta sun yi ƙorafin wari. Ƙarfe biyar da rabi na asuba ta fita, ta hau bas, ta hau jirgin ƙasa, don ta karɓi aiki ƙarfe bakwai da rabi. Watan Disamba ne, lokacin da rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe takwas, ta kuma faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Kwana uku a jere yarinyar nan ba ta ga rana ba sai ta tagar asibiti. Ita kaɗai ce, ba miji ba ɗa, don haka ta iya jurewa, har tana tara ɗan abin da take turowa gida. Ke kuwa lissafinki daban ne.

Abin da nake so ki zauna da maigida ku tattauna tun kafin ku sayi tikiti shi ne yarinyar nan mai shekara 2. Aikin nas a can awa 37 da rabi ne a mako, amma galibi a dunƙule ake yin sa, wuni guda na awa goma sha biyu ko fiye, sau uku ko huɗu a mako, wani makon rana wani makon dare. Babban yaronku zai shiga makarantar gwamnati kyauta, amma ana tashi da misalin ƙarfe uku, kuma dole babba ya je ya ɗauko shi. Ƙaramar sai ta cika shekara 3 kafin ta samu awa 15 na reno kyauta a mako. Kafin nan gidan reno kuɗi ne mai ciwo, a Landan ma ya fi ciwo. A Kano idan kina aikin dare, Hajiya na nan, ƙanwar maigida na nan, ko maƙwabciya ki miƙa mata ta katanga. A can babu katangar miƙawa, kuma barin ƙananan yara su kaɗai a gida magana ce da za ta iya kawo jami'an kula da yara har ƙofarki. Bizarki ta ba maigida damar yin aiki, amma a shekarar farko da wuya ku duka biyu ku yi cikakken aiki. Ke nan gidan zai ɗan jima yana tafiya kan albashi guda. Albashin Band 5 guda ɗaya yana iya ɗaukar iyali mai mutum huɗu a Birmingham idan aka ja ɗamara. A Landan kuwa wuya zai yi, sai dai ki dinga karɓar ƙarin aikin dare da na Lahadi. Ana biyansu da kyau, na dare da Asabar ƙarin kashi 30, na Lahadi kashi 60, amma jiki ba ƙarfe ba ne.

Kada kuma ki ɗauka Birmingham wani lungu ne. Shi ne birni na biyu a girma a Birtaniya, mutanensa sun haura miliyan ɗaya, kuma a ƙidayar 2021 kusan kashi 30 cikin 100 na mazaunansa Musulmi ne. In kika bi titin Coventry Road a unguwar Small Heath, ko Alum Rock, mahauta masu naman halal ne jere, ga shagunan abaya, ga Islamiyyu na yamma, ga masallacin Green Lane. Asibitin Queen Elizabeth da ke can yana cikin manyan asibitocin ƙasar. Nan aka kai Malala Yousafzai a 2012 bayan an harbe ta a Pakistan. Garin na da nasa tabon. Majalisar birnin ta ayyana cewa asusunta ya karye a 2023, kuma a 2025 masu kwashe shara sun shiga yajin aikin da ya sa bola ta taru a tituna har duniya ta gani a talabijin. Sufurinsa ma bai kama ƙafar na Landan ba, yawanci bas ne, shi ya sa nas-nas da dama suke ƙarewa da sayen mota. Lasin ɗinki na Najeriya wata 12 kawai zai yi miki aiki, daga nan sai kin ci jarrabawar tuƙinsu.

Ita ma Landan ba zan rage mata haƙƙinta ba. In kewar gida ce, babu inda ya kai ta. Ki shiga Peckham ki ji kamar an sauke ki a Legas, doya, manja, busasshen kifi, har da masallacin da 'yan Najeriya suka kafa a Old Kent Road. Daga Heathrow jirgi na tashi kai tsaye zuwa Abuja, alhali daga Birmingham sai an ya da zango a wata ƙasa, ko kuma ki hau jirgin ƙasa na kusan awa ɗaya da rabi ki zo Landan ki tashi. Ta fuskar sana'a kuma, manyan asibitocin koyarwa sun taru a can. A asibitin St Thomas' ne Florence Nightingale ta buɗe makarantar jinya a 1860, kuma a wannan makarantar ce 'yar Najeriya Kofoworola Abeni Pratt ta yi karatu, wadda ake ƙirgawa a matsayin baƙar fata ta farko da ta yi aikin nas a NHS, kafin ta dawo gida ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa.

Akwai ma wani jari da kike da shi wanda ƙila ba ki ɗauke shi jari ba. Nas da ta yi shekara takwas a asibitin Kano ta ga masu sikila iri-iri, ta san yadda ciwon yake idan ya tashi cikin dare. Yawancin masu cutar a Ingila a Landan suke, kuma ana neman waɗanda suka san ta. Abin sha'awa, matar da ta fara zama nas ta musamman kan sikila a ƙasar, Elizabeth Anionwu, mahaifinta ɗan Najeriya ne, a Birmingham aka haife ta, amma a Landan, a unguwar Brent, ta taimaka aka buɗe cibiyar farko a 1979. In wannan fannin ne burinki, wata rana Landan za ta kira ki.

Amma wata rana na ce. Da ni ce ke, da yara biyu a hannu, Birmingham zan fara sauka. Ki je ki ci jarrabawar aikin hannu ta OSCE, mai tasha goma, wadda sai kin haye ta za a ba ki lambar rajista a fara biyanki cikakken albashin nas. Ki saba da sanyi, ki saba da harshensu, don Turancin mutanen Birmingham sai kin kasa kunne sosai. Ƙaramar ta shiga makaranta, maigida ya samu abin yi. Bizar a ɗaure take da asibitin da ya ɗauke ki, amma ana iya sauyawa idan wani asibitin ya ba ki sabuwar takardar ɗaukar nauyi. Sai dai ki karanta kwantiraginki da kyau kafin ki sa hannu: asibitoci da yawa suna rubuta cewa in kika tafi kafin wasu shekaru za ki mayar musu da wani ɓangare na kuɗin jirgi da jarrabawar da suka kashe a kanki. Ki kuma tambayi kowannensu wata nawa zai ba ku masauki idan kun sauka, kuma masaukin na mutum ɗaya ne ko na iyali. Amsar wannan tambayar kaɗai tana iya raba gardamar. 'Yan gida kuma ki lallaɓa su, ki ce musu hangen Dala ba shiga birni ba ne, in sun zo ziyara za ki kai su Landan su ɗauki hoto a gaban agogon majalisa, ku dawo a ranar.

Sai wasiƙa ta biyu, daga wani bawan Allah a Zariya. Ya ce matarsa nas ce, wani dillali ya nemi su ba shi miliyoyin naira zai samo mata aiki a Landan, har ya ce zai "gyara" mata jarrabawar kwamfuta. Malam, ka riƙe kuɗinka. Dokar Birtaniya ta hana kamfanin samar da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aikin. Bayan haka Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce suna fama da ƙarancin ma'aikatan lafiya, tare da Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi da Sudan, kuma ƙa'idar NHS ta hana zuwa waɗannan ƙasashe farautar ma'aikata. Abin da aka yarda shi ne nas ta nemi gurbin da kanta, kai tsaye, a shafin asibitin. Batun gyaran jarrabawa kuwa, a 2023 hukumar rajistar nas-nas ta Birtaniya, NMC, ta soke sakamakon kusan mutum 2,000 da suka zauna jarrabawar a wata cibiya a Ibadan saboda zargin maguɗi. Wasunsu sun riga sun fara aiki a Ingila aka dawo da su teburin bincike, har waɗanda da guminsu suka ci sai da suka sake zama.

Ta ƙarshe gajera ce, daga wata ɗalibar makarantar jinya a Sakkwato, tana tambaya ko za a bar ta ta sa hijabi a bakin aiki a can. Ƙwarai kuwa, ɗiyata, nas-nas masu lulluɓi suna nan da yawa a garuruwan biyu, sai dai ɗan ƙarami ake sawa a cusa shi cikin riga don kada ya taɓa majinyaci. Inda za ki ji bambanci shi ne hannu: ƙa'idarsu ita ce daga gwiwar hannu zuwa yatsu a buɗe yake lokacin da ake taɓa marar lafiya, ba agogo ba awarwaro, saboda wanke hannu. Wasu asibitocin suna ba da hannun riga na leda da ake sawa a yar bayan kowane majinyaci, don haka ki tambaya tun ranar ganawar ɗaukar aiki.

Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo. Wasiƙun da suka rage, har da ta wani malamin jinya daga Maradi da ke tambaya kan Riyadh da Jidda, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.