Kasuwari: tsuntsun da mutanen Kalam ba sa zubar da jininsa

Masu kallo, wannan tsuntsu da kuke gani yana taku cikin duhun kurmi sunansa kasuwari. Sunan ba shi da wata alaƙa da kasuwa, daga harshen Malay ya fito. A tsibirin Niyu Gini da arewa maso gabashin Ostireliya yake zaune, kuma idan aka ɗauke jimina babu tsuntsun da ya kai shi nauyi, domin macen takan kai kilo 60, wani lokaci har ta haura. Ba ya tashi sama. Wuyansa shuɗi ne da jan leɓe, a kansa akwai wani tudu kamar kwalkwali, a yatsarsa ta ciki kuwa akwai akaifa da kan kai santimita 12.

Wannan akaifar ce ta jawo masa suna. A intanet, masu neman dabbar da za ta zame musu jagorar ruhi sukan ce kasuwari alama ce ta zafin zuciya da jarumta da tsare iyaka. Sai dai wannan fassara ta wanda ya hango shi daga nesa ce. Mutum biyu aka tabbatar ya kashe a rubuce, ɗaya a jihar Kwinsland ta Ostireliya a 1926, ɗaya a jihar Fulorida ta Amurka a 2019. Wani bincike da aka wallafa a 1999 kan hare-hare 150 da ya kai wa mutane a Kwinsland ya gano cewa kusan kashi uku cikin huɗu sun fito ne daga tsuntsayen da mutane suka saba ba su abinci. Wato sabo ne ya kawo raini, ba mugunta ba ce a jininsa.

Waɗanda suka gaji zama da shi kaka da kakanni wani abu daban suke gani. A tsaunukan Papuwa Niyu Gini akwai wata al'umma da ake kira Kalam, wadda masanin al'adu Ralph Bulmer ya zauna a cikinta, ya kuma yi rubutu a kanta a 1967. Kalam suna da kalma guda, yakt, da ta tattara tsuntsaye har da jemagu, amma kasuwari ba ya ciki. Suna kiransa kobtiy, shi kaɗai a ajinsa. A tatsuniyarsu wata 'yar'uwa ce ta rikiɗa ta zama kasuwari, don haka matsayinsa a wurinsu matsayin 'yar'uwa ne da taubashi. Amma ba taubashin wasa da zolaya irin namu ba, taubashin da ake jin nauyinsa.

Ku dubi yadda ake farautarsa. Maharbi ba ya sa masa kibiya ko mashi. Tarko ake ɗana masa, a gama shi da kulki, saboda kada jininsa ya zuba. Muddin ana cikin farautar, maharba sukan kauce wa kalmomin yau da kullum su koma wasu na musamman, kusan yadda uwa a ƙasar Hausa take kauce wa sunan ɗanta na fari. Wanda ya kashe shi sai ya ci zuciyarsa, sannan ya yi wata guda bai shuka gwaza ba, bai ma kusanci gonarta ba. Ba a kuma kawo shi da rai cikin gida ko gona. Duk wanda ya san labarin kan gida a wurin Maguzawa, wato dabbar da zuri'a take girmamawa ba ta kashewa, zai gane irin wannan tunani, ko da yake su Kalam suna cin naman. Abin da suka hana kansu shi ne su kashe shi kamar ba su san shi ba.

Can a yankin kogin Sepik na Papuwa Niyu Gini, mutanen Ilahita suna ba da labarin wata kasuwari mai suna Nambweapa'w da ta tuɓe fatarta ta shiga wanka a siffar mace, wani namiji ya ɓoye fatar, ta zauna da shi, kuma daga cikinta mutane suka fito. A wurinsu ita ce uwa ta farko.

Abin mamaki shi ne, a cikin kurmin kansa reno aikin uba ne. Macen takan saka ƙwai koraye, uku zuwa biyar, ta yi gaba abinta. Namijin ne yake kwanciya a kansu kusan kwana 50, da ƙyar yake tashi neman abinci, sannan ya yi ta yawo da 'yan tsakin kusan wata tara yana nuna musu inda 'ya'yan itace suke faɗowa. Wani lokaci fushin da ake gani a wurinsa ba na neman abinci ba ne, na uban da aka matsa kusa da 'ya'yansa ne.

Yana haɗiye 'ya'yan itace ɗungurungum, ya yi tafiya mai nisa, ya zubar da irin cikin kashinsa, kuma ta haka yake yaɗa tsirrai fiye da iri 200. Cikinsu akwai wani shuɗin ɗan itace mai guba ga ɗan Adam, wanda shi kasuwari yake haɗiyewa lafiya lau.

Zumuncinsa da mutane ya daɗe ƙwarai. A 2021 masu bincike ƙarƙashin Kristina Douglass sun nazarci ɓawon ƙwai da aka tono a wasu kogunan dutse na tsaunukan Niyu Gini, suka ga alamar cewa tun shekaru 18,000 da suka wuce mutane suna ɗaukar ƙwan daf da ƙyanƙyashewa, mai yiwuwa don su reni 'yan tsakin, tun kafin a fara kiwon kaza da dubban shekaru. Ɗan tsakon kasuwari yakan bi wanda ya fara gani kamar shi ne mahaifinsa. Har yau a wasu ƙauyukan tsaunukan ana renonsa a gida yana ƙarami, idan ya girma a sa shi a keji, ranar biyan sadaki ko diyya kuma a fito da shi tare da aladu a miƙa wa ɗaya dangin.