Lacca: me ke sa tauraro ya yi wutsiya a hoto, ko da an kunna jagora

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abubuwa huɗu zan taɓa a daren nan, kuma duk a kan matsala ɗaya ce: ka sayi mazaunin teleskof mai mota, ka ɗora ƙaramar kyamarar jagora, ka buɗe PHD2, manhajar da ke sa ido kan tauraro ta wannan kyamarar tana gyara tafiyar mazaunin, amma da ka ɗauki hoton minti biyar sai ka ga kowane tauraro ya fito kamar ƙwai, wani ma har da wutsiya.

Mu fara da lissafi kaɗan, kada kowa ya gudu. Duniya tana kammala juyi ɗaya, in aka auna da taurari, a awa 23 da minti 56 da sakan 4. Ka raba digiri ɗaya gida 3600, kowane gida shi ne aksakan. To sama tana tafiya aksakan 15 a kowane sakan ɗaya na agogo. Yanzu ka ɗauki teleskof mai tsawon fokas milimita 480, da kyamara mai fiksel, wato ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto, na maikiron 3.76 (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Ka ninka 3.76 da 206, ka raba da 480, za ka samu kusan aksakan 1.6 a kowane fiksel. Wannan lambar ita ce alƙalinka. In kuskuren RMS, wato matsakaicin kaucewar tauraro, da PHD2 ke nuna maka ya tsaya wajen aksakan 1, kai ka gama, je ka ɗauki hotonka. Kada ka kwana kana neman 0.4 don wani ya sa nasa a intanet, shi wataƙila milimita 2000 yake aiki da shi. Kuma ku sa manhajar ta nuna muku aksakan, ba fiksel ba. Sai kun shigar mata da tsawon fokas na ƙaramin madubin jagora daidai. In 120 ne aka rubuta 200, duk lambobin da za ta ba ku ƙarya ne.

Na farko ke nan. Na biyu, kalibireshan, wato gwajin da manhaja ke yi don ta san ina ne gabas, ina ne arewa a fuskar kyamara, da kuma saurin da mazaunin ke amsawa. Ku yi shi kusa da layin zawali, wato wanda ya ratsa sama daga arewa zuwa kudu ta saman kanku, kuma kusa da ikwaitar sama, wadda ta raba sama gida biyu, arewa da kudu, kada ya wuce digiri 20 daga gare ta. A watannin hunturu abin ya zo mana da sauƙi, taurari ukun nan da suka jeru a ɗamarar Oriyon suna kan ikwaitar kusan daidai. Kafin ku danna, ku tura teleskof ɗin arewa kaɗan da maɓalli don haƙoran giya su kama. In kun gama ku dubi zanen: layin shuɗi da layin ja, na sandunan mazaunin biyu, su haɗu kamar kusurwar bulo. In sun karkace sosai, a sake. Sannan wayar ST-4 mai haɗa kyamara da mazauni, wadda ke zuwa cikin kwalin kyamara, ku bar ta a kwali. Ku haɗa mazaunin da kwamfuta kai tsaye ta manhajar haɗi ta ASCOM, ko EQMOD ga masu Sky-Watcher. Ta haka manhajar ta san inda teleskof yake kallo, ta gyara lissafinta da kanta. Da ST-4 kuwa, duk sanda ka koma wani sashen sama sai ka sake gwajin daga farko.

To yanzu ga wanda na zo dominsa. Ku gyara zama.

Layin ja. Sandar Dek. Ku lura, mazaunin nan sanda biyu gare shi. Ta RA, mai layin shuɗi, ita ke bin juyin duniya, motarta ba ta taɓa komawa baya. In jagora ta ce tauraro ya yi gaba, sai motar ta ƙara sauri. In ta ce ya yi baya, sai ta rage. Haƙori yana jingine da haƙori dare farai. Ita kuwa Dek a tsaye take, ba ta motsi sai an ce mata je ki arewa ko je ki kudu. Kuma duk sanda ta sauya hanya, sai giyar ta ratsa ɗan sararin da ke tsakanin haƙora kafin teleskof ya ji komai. Duk wanda ya tuƙa tsohuwar mota mai wasa a sitiyari ya san abin: ka murɗa hagu, shiru, ka ƙara, shiru, sai kwatsam ta kwashe ka ta yi hagu fiye da yadda ka so. Abin da ke faruwa a layin ja ke nan. Manhaja ta aika gyara, ba amsa. Ta sake aikawa, ba amsa. Ta aika na biyar, na shida, sai haƙori ya kama, tauraron ya tsallake tsakiya ya faɗa ɗaya gefen. Sai a juyo a sake. Za ka ga layin yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, kuma taurarinka duk sun miƙe ta arewa da kudu.

Mutane da sun ga haka sai su hau taɓa lambobi. A ƙara wannan, a rage wancan, a sauya dabara. Jama'a, wasan a cikin ƙarfe yake. A cikin ƙarfe yake! Lamba ba ta cike gibin haƙori.

Ku fara da aunawa. Akwai Guiding Assistant a cikin PHD2. Ku bar shi ya yi aƙalla minti biyu yana kallo ba tare da gyara ba, sannan ya auna wasan Dek. Zai ba ku amsa da milisakan. A ce ya ba ku 2000, kuma saurin gyaranku rabin saurin sama ne, wato aksakan 7.5 a sakan. Wasan aksakan 15 ke nan, kusan fiksel tara a kyamarar da muka yi misali da ita. Abu mafi arha da za ku fara yi: ku ɗaga saurin gyara zuwa 0.9. Gibin yana nan yadda yake, amma motar za ta ratsa shi a sakan ɗaya da 'yan kai maimakon biyu. Da kun sauya saurin, a sake kalibireshan, kada a manta.

In wasan bai kai sakan uku ba, manhajar tana iya rama shi da kanta, ta ƙara turi duk sanda aka sauya hanya. In ya wuce haka, sai alanki, wato makullin murɗa sukurori. A mazaunai irin HEQ5 da EQ6, sandar nan mai zare da ke juya babban faifai mai haƙora tana cikin wani gida da notuna suka riƙe. Ka sassauta notunan kaɗan, kaɗan fa, ba kwancewa ba. Akwai ƙananan sukurori biyu masu fuskantar juna. Ka saki ɗaya, ka ɗaure ɗayan, kashi ɗaya bisa takwas na zagaye kawai. Ka ɗaure notunan, ka kama bakin teleskof da yatsu biyu ka girgiza a hankali. In kana jin ƙwas-ƙwas, da saura. Malam na gaba yana murmushi, da alama nasa har daga ƙofar gida ake jin ƙarar. (dariya)

Amma ga inda ake ɓarna. Mutum ya ga wasa ya tafi gaba ɗaya sai ya yi murna, alhali ya matse giyar. Faifan nan ba da'ira ce cikakkiya ba, yana da wurin da ya fi tudu. Inda ka gwada lafiya lau, digiri 90 gaba sai motar ta hau gurnani ta tsaya. Don haka bayan kowane gyara ka juya sandar zagaye guda cur da mota, kunnenka a jikinta. Wurin da ya fi matsi shi za ka daidaita wa, sauran wuraren ka haƙura da ɗan wasan da ya rage. Kuma giya mai matsi tana da tata cutar: tana maƙewa, turi ya taru, sannan ta ɓalle lokaci guda. A zane kamar wasa ne, amma maganinsu kishiyar juna ne. Ka matse wadda ta riga ta matse, ka ƙara lalata ta. Sannan ku yi wannan gyaran da dare, a sanyin da za ku yi aiki. Wanda ya daidaita da azahar cikin zafi, ƙarfe zai tsuke da asubar hunturu, abin ya canza. Ga ƙura kuma. Giris da ƙurar hunturu in suka haɗu sun zama abin goge ƙarfe. Ku rufe mazaunin in ba a aiki, kuma in giris ya yi baƙi ya daskare, a wanke a sa sabo, ɗan kaɗan.

Akwai dabarar da na fi so duk cikinsu, saboda ba ta cin ko kwabo. Tun da matsalar sauya hanya ce, to kada a sauya. Ka kashe gyaran Dek, ka zuba ido minti biyu ko uku ka ga ta ina tauraron yake zamewa da kansa. Sai ka ce wa manhajar ta riƙa gyara ta hanya ɗaya tak, arewa kawai ko kudu kawai, wadda ke maido shi. In ka zaɓa sai layin ya ci gaba da gudu, ka zaɓi kishiyar. Haƙori ya jingina, ba zai sake sakin ɗan'uwansa ba. Shi ya sa saitin sandar RA kan sandar juyin duniya da ya kauce da akminit uku ko huɗu (akminit ɗaya aksakan 60 ne) wani lokacin ya fi wanda ya yi daidai cif sauƙin jagora, domin zamewar tana da alƙibla ɗaya. Sai dai ku kula, bayan teleskof ya juya ta ɗaya gefen layin zawali, a sake dubawa, hanyar takan juye.

Na nawa muke? Na huɗu? To, na huɗu, ko na uku ne, lokaci ya tafi, bari in yi sauri. Rawar iska. Tauraro yana rawa ne saboda iskar da ke sama, aksakan biyu ko uku a dare na yau da kullum, kuma ba mazaunin da zai iya bin wannan. Ku sa kyamarar jagora ta ɗauki sakan 2 zuwa 4, ku kunna jagora da taurari da yawa, ku karɓi mafi ƙarancin motsin da Guiding Assistant ya ba ku, wato kaucewar da in ba ta kai ba manhaja ba za ta yi gyara ba. Masu mazauni irin ZWO AM5 su ne ke bukatar sakan ɗaya ko ƙasa, don kuskurensu yana sauyawa da sauri. RA kuma tana da nata lilo mai maimaituwa: minti 10 da sakan 38 a HEQ5 mai haƙora 135, kusan minti 8 a EQ6 mai 180. Dabarar Predictive PEC ta cikin PHD2 tana koyon wannan lilon ta tare shi. Ku bar gefen gabas ya ɗan fi nauyi. Wayoyi a ɗaure su a jikin teleskof, kada su ja ƙasa. Batir ya riƙe bolt 12 sosai. In zane ya yi kyau amma taurari sun miƙe, madubin jagora ne ke lanƙwasa daban da babban; a ɗaure shi da ƙarfi, ko a koma OAG mai tsintar haske daga cikin babban teleskof. In a saman dakin, wato rufin kankare, kuke, kada a yi ta zirga-zirga kusa da ƙafafun, za ku ga kowane taku a zane.

Na'am, Hajiya, akwai tambaya?

Ta ce, ga waɗanda ba su ji ba, a gidansu katangar maƙwabta ta tare arewa, ba ta taɓa ganin Polaris, tauraron arewa da ake saiti da shi, ba, yaya za ta saita sandar RA.

Hajiya, kin taɓo babba, kuma ba ke kaɗai ba ce. Tsayin Polaris daga ƙasa daidai yake da latitud ɗin garinku. A Kano digiri 12 ne kawai, Yamai 13 da rabi, Abuja 9, Akara ko 6 bai cika ba. Ko babu katanga, hazon hunturu ya fi kauri a can ƙasa-ƙasa. Littattafan da ke zuwa da kayan nan an rubuta su ne don mutanen da yake musu digiri 40 ko 50. To ba kya bukatarsa. Da rana ki rataya zare da ɗan dutse, daidai lokacin zawali, sanda inuwa ta fi gajarta, ki ja layi a kan inuwar zaren. A hunturu rana tana kudu da mu, inuwar tana nuna arewa ta gaskiya. Kada ki amince da kamfas a saman dakin, rodin da ke ciki yana jan allurar. Ki sa ma'aunin tsayi na mazaunin a kan latitud ɗin garinku, 12 in a Kano ne. A nan ki duba sandar duwatsun nauyi, don a ƙaramin latitud takan bugi ƙafar da ke arewa; ko a ƙara wuyan ƙarfe tsakanin ƙafafu da mazauni, ko a mayar da ɗan turken ƙarfen ta yadda sandar za ta sauka tsakanin ƙafafu biyu, in mazaunin ya ba da wannan damar.

Da dare kuma hanya biyu ce. Manhajar NINA tana da saitin maki uku, tana ɗaukar hoto a wurare uku na sama ko'ina ne, ta gaya miki ki murɗa nawa. Ko kuma ki yi na zamewa a PHD2. Ki nufi tauraro kusa da zawali da ikwaita, ki kalli layin ja kaɗai minti biyu zuwa uku, ki murɗa notunan hagu da dama har ya kwanta. Sai ki koma gabas ko yamma, kamar digiri 30 daga ƙasa, wanda katanga ta bar miki, ki murɗa notin tsayi. Lissafinsa: zamewar aksakan 1 a minti tana nufin kin kauce da kusan akminit 3.8. In kin sauko ƙasa da akminit 5, ki tsaya haka nan. Ki sa fenti a inda ƙafafu ukun suka taka, gobe nan za ki mayar da su, gyaran da zai rage miki kaɗan ne.

Wa ke da hannu a can baya? Bismillah, ɗaga murya.