Yaro Mai Karatu a Gida da Harshen Sifaniyanci: Inda Gizo ke Saƙar

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena maza da mata, malamai, 'yan'uwa, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan wata damuwa da ta yawaita a tsakanin iyayen da suka zaɓi koyar da 'ya'yansu a gida a nan Amurka, wato yadda za ka ga yaro yana ƙoƙari a lissafi da kimiyya, amma da an zo kan Sifaniyanci sai abu ya cije.

Dokar jihar New York ba ta sa harshen waje cikin darussan da suka wajaba a kan mai karatun gida ba. Abin da take nema shi ne tsarin karatu na shekara, da rahoto sau huɗu, da awa 900 ga 'yan aji 1 zuwa 6, da awa 990 ga na gaba da su. Amma jami'o'i da yawa suna son ganin yaro ya yi shekara biyu a kan wani harshe ban da Ingilishi, kuma Jami'ar Kalifoniya ma sharaɗi ta mai da shi. Ban da haka, mutane sama da miliyan 40 ke magana da Sifaniyanci a gidajensu a ƙasar nan, kuma a nan Bronx fiye da rabin jama'a 'yan asalin Latin Amurka ne, mafi yawansu daga Jamhuriyar Dominika da maƙwabtanta na Karebiyan.

Kafin mu ce yaro ba ya ganewa, mu yi ɗan lissafi. Makarantar da ke koyar da jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna ta sa Sifaniyanci a rukuni mafi sauƙi ga mai jin Ingilishi, amma duk da haka ta ƙiyasta masa awa 600 zuwa 750 a cikin aji, ga babban mutum wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Yaron da ake zaunar da shi rabin awa sau uku a mako, na tsawon mako 36, awa 54 kawai ya samu a shekara. Saboda haka idan ya shekara biyu bai iya hira ba, ba daƙiƙanci ba ne, lokacin ne bai kai ba.

Babbar matsalar kuwa ita ce rashin abokin magana. Lissafi yaro yana iya koyonsa shi da littafi, amma harshe sai da mutane. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da abokan aikinta sun gwada jarirai 'yan wata tara: waɗanda aka kawo wa mutum ya yi musu Sinanci baki da baki a zama 12 sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo ko murya kawai kuwa ba su koya ba. Wani zai ce ai jarirai ne. Gaskiya ne, amma a Kanada ma Merrill Swain ta lura tun a 1985 cewa ɗaliban da suka yi shekaru ana koyar da su da Faransanci suna jin harshen sarai, sai dai in sun buɗe baki nahawunsu ya ruguje, domin saurare suka yi ta yi, ba a cika sa su magana ba. Ni ban hana Duolingo, manhajar koyon harsuna a waya, ba, yana da amfani wajen riƙe kalmomi, amma na ga yaran da suka tara maki tuli a waya, aka tambaye su sunansu da Sifaniyanci suka sunkuyar da kai.

A nan sai in roƙi iyaye wani abu da ya shafi tarbiyyarmu. Mun raini 'ya'yanmu a kan kunya, yaro ba ya yawan magana a gaban babba, kuma wannan abu ne mai kyau. To amma a darasin harshe kunyar nan cikas ce. Ku samo masa sa'arsa, ko ɗan maƙwabta, ko malama da za su riƙa hira ta intanet kuna kusa, ko ku je da shi shagon unguwa ku bar shi ya tambayi kuɗin madara da bakinsa. Minti 15 na magana kullum ya fi awa biyu ranar Asabar.

Wani abin da iyaye ba su cika lura da shi ba shi ne, yaron da ake yi wa Hausa a gida ya riga abokinsa Ba'amurke nisa. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma furucinsu kusan irin namu ne, yadda aka rubuta haka ake karantawa. Baƙin r mai karkarwa da ke ba masu jin Ingilishi wahala, wanda ke raba pero, wato amma, da perro, wato kare, shi ne dai wanda yaronmu ke furtawa a cikin kalmar sharri. Sai jinsi: Sifaniyanci ya raba sunaye namiji da mace, kuma yawancin na mace da a suke ƙarewa, kamar yadda muke cewa riga ce, hula ce. Har masu saɓa wa ƙa'idar ma akwai su a ɓangarorin biyu: día da mapa namiji ne a wurinsu, kamar yadda gida da ruwa suke namiji a wurinmu. Uwar da ba ta san ko kalma ɗaya ta Sifaniyanci ba tana iya bayyana wa ɗanta wannan darasi fiye da littafin da aka rubuta wa masu jin Ingilishi zalla. Akwai kuma kalmomin Larabci da suka shiga harshen a zamanin Musulmi a Andalus, daga 711 zuwa 1492, irin su azúcar da aceituna da alcalde, waɗanda yaro zai ji sukari da zaitun da alƙali a cikinsu, ko da yake alcalde yanzu magajin gari take nufi. Iyayen da suka tashi a ƙasar Hausa su dai yi hattara da p da f, domin mu mukan haɗa su, su kuwa sun raba.

Inda ake shan wuya da gaske shi ne aikatau. A Hausa mukan ce na ci, ka ci, mun ci, kalmar ci tana nan yadda take. A Sifaniyanci wutsiyar kalmar ce ke canzawa, kamar a aikatau na yin magana: hablo, hablas, habla, hablamos, hablan. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ba yaro jadawali ya haddace gaba ɗaya. Zai haddace kuwa, domin 'ya'yanmu sun saba da hadda, amma in ana hira babu lokacin da zai tsaya ya bi jadawali daga sama. Gara a ɗauki aikatau kaɗan da ake bukata kullum, a sa su cikin jimloli a kan rayuwarsa, abin da ya ci, inda ya je, abin da yake so. Haka ma ser da estar, aikatau biyu da duka ke nufin kasancewa, a fara da misalai, ƙa'ida ta biyo baya. Kuma in dai ba Sifaniya zai tafi ba, a jinkirta masa siffar vosotros, wato ku ta jam'i, tunda mutanen Latin Amurka ba sa amfani da ita.

Za ku kuma ji yaro ya ce yana gane maganar malamar bidiyo amma ba ya gane ta maƙwabta. Ba ƙarya yake yi ba. Mutanen Karebiyan suna da sauri, kuma sukan haɗiye s ta ƙarshen gaɓa, don haka sai a gaya masa tun da wuri kada ya zaci laifin kunnensa ne.

Game da gyara, in yaro yana cikin magana a bar shi ya kai aya, sannan a ɗauki kuskure ɗaya ko biyu, kada a tsinke masa zance a kowace kalma. Game da auna ci gaba kuwa, ku riƙa ɗaukar muryarsa a waya sau ɗaya a wata yana ba da labarin minti biyu, ku adana. In an kwana biyu ku kunna masa na farko da na baya ya ji da kunnensa, ku ma kun sami abin rubutawa a rahoton da hukuma ke nema. Mai son takardar shaida, akwai jarrabawar ƙwarewa a Sifaniyanci ta DELE da Cibiyar Cervantes ke shiryawa, cibiyar da Sifaniya ta kafa a 1991 kuma tana da reshe a Manhattan, har da nau'in da aka ware wa 'yan makaranta. Akwai kuma jarrabawar AP, ta 'yan sakandare a matakin karatun jami'a, da ake yi a watan Mayu, wadda mai karatun gida zai iya zaunawa, amma sai iyaye sun nemi makarantar da za ta karɓe shi tun farkon shekarar karatu, domin rajista takan rufe da wuri.