Ganyen ɗaci na Ringwood da 'yan unguwarsa suke zagi

Salamu alaikum jama'a, yau raina a ɗan ɓace yake, kuma abin dariya wai a kan ganyen da ake sakawa a giya ne, ni da ban taɓa kai ta bakina ba. Tun kafin wani ya fara min wa'azi bari in faɗa, ba na sha, ba na dafawa, ba na sayarwa, maƙwabcina ne yake dafa tasa a gareji, ni nawa ido da kunne. Toh ku saurara.

Nan inda nake tsaye tashar jirgin ƙasa ta Ringwood ce, gabashin Melbon a ƙasar Ostiraliya, ga babbar kasuwar Eastland can inda kofi ɗan ƙaramin kofi sai ka ajiye dala biyar da wani abu, wallahi har yau in na juya kuɗin zuwa naira sai kofin ya tsaya min a wuya. Wannan unguwar ita ce ta ba wani irin ganyen hof suna, Pride of Ringwood. Shi dai hof wani tsiro ne mai yaɗo, yana hawa igiya ya yi sama sosai, macen ce take yin wasu 'yan furanni kore masu ƙaiƙayin ƙamshi, su ake busarwa a jefa cikin ruwan tsiron sha'ir yana tafasa. Aikinsa ya kawo ɗaci ya kashe zaƙin tsiron, ya kuma hana abin saurin lalacewa.

Ranar Asabar dattijon nan maƙwabcina da nake kira Baba ya gayyace ni gashin nama, mutumin kirki ne, har ragar gashi daban ya saya saboda ni, ni na kawo naman daga mahaucin halal na yi masa yajin ƙuli, sai da wani ya yi hawaye amma bai ajiye tsinken ba. Abokansa masu dafa giya a gida sun zo, akwai tsofaffi akwai samari masu gemu da zanen jiki. Baba ya fito da wata leda daga firiza ya ce da Pride of Ringwood zai yi dahuwar gaba, kai jama'a ku ga yadda samarin nan suka yamutsa fuska. Wannan ya ce warin ƙasa yake yi, wancan ya ce ɗacinsa na kankare maƙogwaro, wani ya ce ɗanɗanon arahar giyar da kakansa yake sha ne a gidan kallon ƙwallo, wai shi ko kyauta aka ba shi ba zai ɓata tukunyarsa ba. A Ringwood fa muke zaune! Tafiyar 'yan mintoci ce daga inda aka haifi abin.

Ni abin da ya ba ni haushi kenan. Don Baba ya zaunar da ni ya ba ni tarihin tun tuni, shi in ya fara ba ya tsayawa. A 1953 wani ma'aikacin kamfanin giya na Carlton & United mai suna Bill Nash ya fitar da irin a gonar gwajinsu da ke nan unguwar, uwarsa wani irin Ingila ne da ake kira Pride of Kent. Lokacin da ya fito babu hof ɗin da ya kai shi ƙarfin sinadarin ɗaci a duniya, abin da suke kira alfa asid, nasa yana kaiwa kashi 7 zuwa 11 cikin ɗari, ma'ana kamfani zai zuba kaɗan ya samu ɗaci mai yawa, kuɗi ya ragu. Shi yasa ya cinye gonaki, har aka yi lokacin da kusan kashi 90 cikin ɗari na hof ɗin da ake nomawa a Ostiraliya shi ne. Manyan giyoyin ƙasar irin su Victoria Bitter, Carlton Draught, Foster's, a lokacin duk ɗacinsa ne a ciki. Wato duk wanda ya tashi a ƙasar nan yana shan giya, da wannan ganyen harshensa ya buɗe, yanzu ya girma ya samu aiki ya sayi tukunyar silba mai lantarki sai ya ce ai abin ƙauye ne.

Sak yadda wasu 'yan uwanmu suke yi wa daddawa. An yi maka miyar kuka da ita tun kana rarrafe, ka zo birni ka ga dunƙulen magi a takarda mai ƙyalli sai ka fara toshe hanci. Allah Ya jiƙan kakata, da ta ji ka ce daddawa na wari sai ta ce hancinka ne bai da tarbiyya. Maganar nan ma ta tuna min rabona da tuwon dawa da miyar kuka ta gaske, a nan kukar ma sai ka yi sa'a a shagon 'yan Afirka a Footscray ko Dandenong, kuma kuɗin 'yar leda ɗaya a gida buhu za ka ɗauka.

Amma in za a faɗi gaskiya samarin ba ƙarya suke yi gaba ɗaya ba. Baba da kansa ya yarda cewa ganyen nan ba ya jure ajiya, in ya sha iska da zafi ƙarfinsa zubewa yake yi da sauri, ƙamshin ya juya ya koma wani abu daban. Shekarun baya kuma haka ake sayar da shi, a leda a kan kanta, ba firiza ba komai, ba wanda ya san shekarar da aka girbe shi. Mutum ya saya ya dafa abin ya fito da ɗaci mai muni, shikenan ya yanke hukunci har abada, ya je ya gaya wa mutum goma, su ma su gaya wa wasu ba tare da sun taɓa gwadawa ba. Na tambayi wanda ya fi kowa zaƙewa a cikinsu, na ce ɗan uwa kai ka taɓa dafawa da sabo, na wannan kakar? Sai ya fara kame-kame wai ai kowa ya sani. Kowa ya sani! Toh.

Sannan akwai inda ake saka shi. Shi na farkon tafasa ne, a jefa shi ya yi kamar awa ɗaya yana dahuwa ya bar ɗacinsa ya tafi. Sababbin da samari suke so, irin su Galaxy da ya fito a 2009, da Vic Secret da Enigma, su a ƙarshe ake zuba su da yawa saboda ƙamshin 'ya'yan itace, Galaxy kam in ka murza a hannu sai ka rantse lemo aka ɓare. Sai mutum ya ɗauki Pride of Ringwood ya ɗibga shi a ƙarshe yana jiran ƙamshin mangwaro, bai samu ba ya ce ganyen banza ne. Ba aikinsa ba kenan malam. Kuma abin da ya ƙara ɗaure min kai, a bakin mutanen nan ɗaya suke yabon Coopers, wani tsohon kamfanin giya na iyali a birnin Adelaide tun 1862, har suna tara gindin kwalba su raya yis ɗinsa don su kwaikwayi giyarsa Sparkling Ale a gida, alhali shi ma da wannan ganyen da suke zagi ake ɗaɗa shi. Da Baba ya faɗi haka wurin ya yi tsit, ni kuwa na ci gaba da juya tsire ina murmushi.

Na ɗanɗana ganyen kansa, busasshe, tunda shi ba giya ba ne, an niƙa shi an dunƙule ƙanana ƙanana. Dan Allah kada ku gwada. Har bayan la'asar bakina bai dawo ba, ruwa ma ɗaci yake min. Amma da na ce musu mu ƙasarmu ɗaci abinci ne, muna cin shuwaka a miya, tsofaffinmu suna tauna namijin goro don nishaɗi, sai suka zaro ido. Na ƙara musu da cewa da gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 kamfanonin giyar Najeriya dawa suka koma, kuma masu bincike a jami'o'inmu sun yi ta gwada shuwaka da namijin goro da dogonyaro a madadin hof tunda shi ba ya yi a ƙasarmu. Na tashi a Kaduna kusa da bariki, na ga mata suna shanya tsiron dawa suna dafa burukutu a manyan tukwane, ba hof ba ma'aunin zafi, tsami kawai. Wani saurayi har ya ciro waya yana rubuta shuwaka, wai zai nema. Ka ji fa, na nesa yana so ya gwada, na ƙofar gidansu ya raina.

Kada ku ɗauka masu dafa giya a gida a Ostiraliya 'yan kaɗan ne. Tun 1973 da gwamnatin Gough Whitlam ta sassauta doka aka halatta dafa giya a gida, kuma haraji a kan giya a ƙasar nan ba wasa ba ne, shi yasa gwangwanin haɗin da ake yin lita 23 da shi yake nan a manyan shaguna kusa da lemo kamar ba komai ba. Hof ɗin kansa giram ɗari wajen dala goma ne, Baba ya ce sababbin masu suna sun fi tsada, wannan ma yana cikin abin da ke sa ana ganin girmansu in kun tambaye ni.

Ku da kuke shirin zuwa, ga abin da zan gaya muku daga abin da na gani. In Bature ya miƙo maka kwalba ba takarda a jiki ya ce lemon citta ne da ya haɗa da kansa, tambaya ka sake tambaya, don wani na gidan yana da giya a ciki kuma shi bai ɗauki hakan wani abu ba. Na shago ma karanta jikin kwalbar, akwai mai giya akwai mara giya, sunansu kusan ɗaya. Vegemite kuwa, wannan baƙin abin da suke shafa wa burodi, daga ragowar yis ɗin masu giya aka samo shi tun 1923, amma yana da shaidar halal, sai dai gishirinsa in ka lafta shi kamar bota za ka tuna da ni. Kuma kada wani ya ji labarin saurayin can ya cusa ɗanyar shuwaka ko iri a jaka ya taho ba tare da ya rubuta a takardar filin jirgi ba, mutanen nan ba sa wasa da ganye da iri, tara ce mai zafi, wani ma bizarsa ake sokewa a wurin. Masu kare a gida kuma, ragowar hof ɗin da aka dafa guba ce gare shi, Baba a leda biyu yake ƙulle nasa kafin ya zubar.

Yanzu dai an rage noman Pride of Ringwood sosai, wani ɗansa da ake kira Super Pride ya karɓe yawancin aikin kamfanoni, sauran gonakin kuma sababbin iri sun cika su, a Bushy Park can Tasmaniya da kuma wajen Myrtleford a nan jihar Biktoriya. A watan Maris ake girbi, Baba ya ce zai je neman sabon fure ya dafa ya rufe bakin yaran nan, ni kuma zan bi shi don in ɗauko muku hoton gonar, in kuma Allah Ya sa ana ɗaukar 'yan aikin girbi in tambaya wa ɗalibanmu. Zuwa Myrtleford tafiyar kusan awa uku da rabi ce a mota, duk ɗan uwan da ke Melbon mai son zuwa ya yi min magana mu raba kuɗin mai, amma da sharaɗi, ka zo da naka abincin, don kilishina saura kaɗan kuma ba na rabawa.